Dokta Kwalba da Sojojin Ma'u

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

An kwantar da Ma'u a asibiti, nan Sokodé. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Mu uku a kan babur ɗin haya, ita a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita kamar buhun doya. Allah ya yafe mini wannan kwatance, matata ce.

Likita ya tambaye ta ko tana shan ƙwayoyinta. Ta dubi bango. Tun da na aure ta na san in Ma'u ta dubi bango, akwai magana. Ashe tun bayan Babbar Sallah ta ajiye su. Me take sha? Jiƙon ƙaninta Awal, mai sayar da maganin gargajiya a kasuwar Dapaong. Kwalba mai hoton soja ya ɗaga bindiga, an rubuta ƘARFIN SOJA. A bayan buhun masara ta ɓoye su. Ni ina can mahauta ina wanke hanjin mutane, ban san abin da ke gidana ba.

Likita ya ce ciwon ya sauka a ƙoda.

Awal, ka shirya. Ni Ɗan Azumi na faɗa, na kuma rubuta, ko da rubutun nawa na wanda ya gudu daga lakwal ne, wato makarantar boko.

Laraba, 4 ga Satumba

Rahinatou ta iso daga Lome. 'Yata ce, amma in ta fara bayanin karatunta sai in ji kamar ni ne ɗan. A wani labo take, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, suna kiwon ƙwayoyin jinin ɓera a faranti. Ni na yanka shanu na biya lakwal, ita ta ƙare a kiwon ɓera. To, alhamdulillahi.

Ta zaunar da ni a benci, ta sake yi mini bayanin ciwon uwarta, wanda aka yi mini sau da yawa ina gyaɗa kai kawai. Lupus. A jinin mutum akwai sojoji, aikinsu su kashe baƙon cuta. Na Ma'u sun ruɗe, sun daina bambance baƙo da ɗan gida, suna harbin fatarta da gaɓoɓinta, yanzu kuma ƙodarta. Ƙwayoyin asibiti aikinsu su kwantar da sojojin nan.

Ashe tun can baya Ma'u ta faɗa wa Awal haka a waya, da gaskiyarta: maganina yana kwantar da sojojin jiki. Shi kuwa ya zabura. Wai, "Yaya, kashe ki za su yi! Wa ya taɓa kwantar da soja ana yaƙi?" Sai ya aiko da kwalabensa a motar Dapaong.

Wato gari yana fama da sojojin da suka haukace, shi ya aiko musu da ƙarin harsashi.

Na ce wa Rahina sai na kai shi gaban jandarma. Ta ce, "Baba, Kawu ne fa." Na ce na san kawu ne, da baƙo ne ai da tuni na gama.

Juma'a, 6 ga Satumba

A masallaci na roƙa wa Ma'u lafiya. Sauran addu'ar duk Awal ya cinye ta. Na nemi kwalabensa su fashe a rana ɗaya, tsatsa ta ci murafensu, akuya ta shiga rumfarsa. Da na zo kan shi kansa sai na rasa abin roƙa, don Ma'u za ta yi kuka. Na bar shi da gudawa mai tsawo.

Litinin, 9 ga Satumba

Na kira shi. Ga matsalata, bari in rubuta ta ko zan huce.

Awal ƙanin matata ne, abokin wasana ke nan. Tun ranar ɗaurin aurenmu da ya ɓoye mini takalmi, ban taɓa gaishe shi da mutunci ba, shi ma haka. Ni ina ce masa Dokta Kwalba, shi yana ce mini Sarkin Hanji. In mun haɗu sai na zage shi tas kafin in ba shi ruwa. Kowa ya san mu da wannan, daga zangon Sokodé har na Dapaong.

To yau na zage shi da gaske. Na ce masa ɓarawo, makashi, jahilin da ya fi ni jahilci, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Sai na ji dariya. Dariya! "Sarkin Hanji, yau da ƙarfinka ka tashi, ko ka sha kwalbata ne?" Na ce yayarka tana kwance a asibiti. Ya ce ai jiya sun yi magana, ta ce zazzaɓi ne kawai, in daina yi masa sharri.

Haka ne, Ma'u ta ɓoye masa. Ba ta so ya ji ciwo. Ita da ake ɗibar fitsarinta a roba ana aunawa, ba ta so Awal ya ji ciwo.

Na kashe waya. Duk zagin da nake da shi na ɓarnatar da shi a wasa tun shekarun baya. Yanzu da nake bukatarsa, ba ya yanka.

Laraba, 11 ga Satumba

Rahina ta koma Lome da kwalba ɗaya a jaka. Na ce ta ba wa ɓerayenta su sha, in sun mutu ta aiko mini da gawar in kai Dapaong. Ta ce ba haka ake yi ba, kuma sai Madam ɗinsu, shugabar labo, ta yarda. Komai nasu ba haka ake yi ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Wata mata ta zo tebur ta ce a ba ta ƙoda. Na ɗauko, na tsaya ina kallonta a tafin hannuna. Na tsaga ƙoda tun ban yi gemu ba, ban taɓa duban cikinta ba sai yau. Tajuddeen, maƙwabcin teburina, ya ce, "Ɗan Azumi, aurenta za ka yi ko sayarwa?" Na miƙa masa wuƙa na ce ya sallame ta.

Fuskar Ma'u ta yi ja a kumatu biyu da karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka ya buɗe fiffike. Na ce mata ta yi kyau. Ta ce ƙaryata ba ta taɓa yin kyau ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Madam ta yarda. Rahina ta kira ta yi mini karatu, na ce a hankali, ubanki aji shida ya maimaita har malamin ya gaji ya yi ritaya.

Ga abin da na kama. A cikin sojojin akwai wani mai suna makrofaj, ma'anarsa wai babban maci. Na ce ashe Tajuddeen ne. A fatar wannan maci akwai wasu ƙananan kunnuwa. In wani abu ya taɓa kunnen, ko cuta ko wani sinadarin ganye, sai saƙo ya shige ciki. A ciki akwai wani abu mai suna kamar lambar mota, NF-kappa-B, yana ɗaure kamar ragon layya. Saƙon nan shi ke tsinka igiyar. Rago ya kuɓuce, ya ruga ɗakin tsakiya inda ake ajiye umarnin jiki, ya sa a fara ƙera sitokin. Sitokin kuwa ihu ne, amma na sinadari. Da shi soja ɗaya ke tayar da sauran.

Na ce, "Wato kwalbar Awal tana kwance rago." Ta ce wasu ganyaye suna kwancewa, wasu suna ƙara ɗaurewa, shi ya sa za su gwada. Za su ɗiga jiƙon a kan makrofaj a faranti mai ramuka kamar gidan dara, su auna ihun.

Na ji daɗin wannan rago. Shi ne abu na farko a kimiyya da ya shafi sana'ata.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na wasa wuƙaƙe duka, har wadda ba ta bukata. Ba don kowa ba. Sana'a ce.

Talata, 1 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Ta aiko hoton farantin a waya. Ramukan da suka sha jiƙo da yawa sun yi rawaya sosai kamar miyar manja, wato ihu ya yi yawa. Ta ambaci sunayen masu ihun, TNF da IL-6. Na tashi na taka rawa a gaban tebur, Tajuddeen ya ɗauka an yi mini jika.

Sai ta fara "amma". Yarinyar nan da amma, kamar uwarta da bango. Amma ramukan da suka sha kaɗan ba su yi komai ba. Amma ƙwayar ɓera a faranti ba Mama ba ce, jiƙon da ya bi ta ciki da hanta ba lalle ya isa jini yadda yake ba. Amma sau ɗaya aka gwada. Amma abin da ya fi cutar da Mama shi ne ajiye ƙwayoyinta.

Na ce, "Wa ya sa ta ajiye?" Ta koma kan zancen farantinta. Na ce, "To ki ce mini shi ne." Ta ce, "Baba, zan ce maka abin da farantin ya nuna. Ba zan ce abin da bai nuna ba."

Na haifi alƙali mai tsoron yanke hukunci. Ba komai. Rawayar ta ishe ni.

Asabar, 5 ga Oktoba, Dapaong

Na bar Ma'u da ƙanwata, na hau mota. Muka wuce Kara, Kanté, Mango, duk hanya ina maimaita jawabina a zuci. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce ko wuridi nake yi. Na ce eh.

Na same shi a rumfarsa, kwalabe jere, ƙaramar lasifika tana ta kiran ƘARFIN SOJA da Hausa da Moba da Faransanci. Na tsaya a tsakiyar hanya na ɗaga waya sama da hoton farantin. Na ce, jama'a ku zo ku ga makashi! Na ce maganinsa yana kwance rago a cikin jinin mutane!

Nan na yi kuskure. Da na ce rago, kasuwa ta fashe da dariya. Mai albasa ya ce, "Mijin yayar ya zo!" Aka kewaye mu kamar 'yan dambe. Awal ya fito yana tafa hannu, ya ce, "Ku ba Sarkin Hanji wuri, rago ya bi shi har cikin mafarki!" Na ɗauki kwalba ɗaya na rotsa a ƙasa. Suka yi shewa. Wata ta ce wasan bana ya fi na bara. Har gyaɗa aka miƙo mini.

Na tsaya ina haki, hulata a karkace, tsohon banza a tsakiyar kasuwar da ba tasa ba. Sai wani abu ya zo mini, ban san daga ina ba.

Na gyara hula. Na tattara riga. Na ɗan rusuna na ce, "Malam Awal, barka da kasuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Allah ya ba da sa'a. Na zo ne in sanar da ku, yayarku tana asibiti tun farkon watan jiya, ƙodarta ta taɓu. Ku gafarce ni da na ɓata muku kwalba."

Ku. Na ce masa ku.

Dariyar ta mutu a fuskarsa kafin ta mutu a kasuwa. Ya ce, "Sarkin Hanji..." Na ce, "Sunana Ɗan Azumi, Malam." Mai albasa ya koma kan albasarsa. Lasifika kaɗai ta ci gaba da ihu, har Awal ya miƙa hannu ya kashe ta.

Ya ce in zo gida in ci abinci. Na ce na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na riga na ci. Ban ci ba. A zango na kwana wurin wani mahauci, da yunwa, da daɗi a raina irin wanda ban ji ba tun da aka kwantar da ita.

Ashe wuƙar tana aljihuna duk wannan lokaci. Ladabi.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ya biyo ni Sokodé. Da ya ga Ma'u ya durƙusa a bakin gado. Ita ce ma take lallashinsa. Na kawo masa kujera da hannu biyu. Na ce, "Bismillah, Malam, ku zauna." Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi.

Madalla.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kullum ina gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar kaji. Na sa an kai masa tuwo a kwano mai murfi irin na baƙi. Jiya ya gwada, ya ce a hankali, "Yau hanji nawa ka wanke?" Na ce, "Alhamdulillahi, Malam, sana'a tana tafiya." Ya ajiye cokali.

Ya rame. Ina lura, kuma ba na jin tausayi. Na rubuta don in tuna: ba na ji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Jinin Ma'u ya yi ƙasa, sojojin nata sun koma kan jajayen ƙwayoyin jini. Za a ƙara mata, amma sai dangi sun bayar a mayar da wanda za a ɗauko. Na naɗe hannun riga kamar jarumi. Nas ta auna ni ta ce hawan jinina ya kai inda ni ma gado ya kamata a ba ni. Ta tambaya ko akwai abin da ke damuna. Na ce suruki.

Awal ya bayar. Mutumin da ya zana soja da bindiga a kwalba, da ya ga allura sai ya sume. Ya zube daga kujera, ƙafa a sama, hula a ƙarƙashin tebur. Wallahi maganar ta zo mini har bakin haƙori. Irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu a rayuwar abokin wasa. Na haɗiye ta. Na ce, "Sannunku, Malam, Allah ya ba da lada."

Haɗiyar ta yi mini ciwo fiye da shi, ina jin.

Talata, 15 ga Oktoba

Rahina ta zo. Na same ta da kawunta a benci tana zana masa rago da igiya a bayan kwalin magani. Yana tambaya kamar ɗan lakwal. Na ji ya ce, "To mutum nawa na ce wa su ajiye na asibiti?" Wannan ai ba ita ta sani ba. Ya fita waje yana kiran mutane a waya ɗaya bayan ɗaya. Na ji yana cewa wata, "Hajiya, ki koma wa ƙwayoyinki yau, ba gobe ba."

Wannan bai gyara ƙodar matata ba. A rubuta.

Da yamma na tambayi Rahina, su sojojin nan in sun fara ihu wa ke ce musu ya isa? Ta ce akwai sitokin na wannan aikin, IL-10 da 'yan uwansa, su ke zagayawa suna cewa yaƙi ya ƙare a koma gida. Jikin da ba ya jin wannan kira shi ke cin kansa.

Ma'u tana kwance ido rufe, na ɗauka barci take. Sai ta ce, "Baban Rahina, nawa sojojin sun ishe ni. Kada ka ƙara mini da naka."

Na ce ni ban zagi kowa ba, gaisuwa kawai nake yi. Ta ce, "Na sani. Ita nake nufi."

Ta juya ta dubi bango.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ban roƙa masa gudawa ba yau. Mantawa na yi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kumburi ya sauka, silifas ya shiga. Likita ya ce ƙodar ba za ta koma yadda take ba, amma ta tsaya inda ta tsaya, in an riƙe magani an rage gishiri. Matar mahauci ba gishiri, ba romo mai kitse. Ta ce to me ya rage a auren? Na ce kyawuna. Ta yi dariya har da tari. Tun Satumba ban ji wannan dariyar ba.

Ƙwayoyin yanzu a aljihuna suke. Ni ke miƙa mata, ina tsaye har ta haɗiye. Na kuma ɗaga buhun masara na duba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ma'u tana gida. Awal ya koma Dapaong yau. Ita ta ce in raka shi tasha, ba ni na ce ba.

Muka kama hanya. Ya ce ya kankare hoton sojan daga kwalaben da suka rage, kuma Rahina ta ce in yana so a gwada jiƙon da kyau sai ya faɗi abin da ke ciki, ya ce zai faɗa. Na ce Allah ya taimaka, Malam. Ya ce, "Amin," da wata ƙaramar murya.

Ya shiga mota, ya zauna bakin taga, hannun da aka ɗebi jini har yanzu yana lallaɓa shi kamar jariri, alhali wurin ya warke tuntuni. Direba ya tayar. Ni dai ban yi niyyar komai ba. Kallon hannun nan ne ya fi ƙarfina.

Na ce, "Kai, Dokta Kwalba! In kun kai Mango ka rufe ido, akwai tela a bakin hanya, kada ka ga allura a sha wahalar ɗaga ka."

Ya leƙo da kai har wuya. Mota ta fara tafiya kafin ya samu murya. "Sarkin Hanji! Ɓarawon yayata! Allah ya sa wuƙarka ta dakushe!" Yana ihu yana share ido da hula, fasinjoji suna dariya.

Ban yafe ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce na yafe. Ladabi ne ya gajiyar da ni, yana hawar mini da jini, nas ma ta faɗa.

Da na koma Ma'u ta ce, "Kun rabu lafiya?" Na ce na zage shi. Ta ce a zuba mata tuwo, yunwa take ji.